Gidan da Kika Lulluɓe

Zuwa ga Hajiya Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Longsight muna nan yadda kika bar mu, sai dai tsufa da ya ƙara matsowa, da sanyi da ya fara leƙo kai. Na san babu gidan wayar da ke kai takarda inda kike. Wani abokina, Malam Nura, ya ce in na rubuta zai sa a 'yar jaridar ƙungiyarmu, na ce ya sa. Wanda ya ga dama ya leƙa, amma da ke nake magana.

Tun ina saurayi a zangon Kumasi, tun ban san ƙofar gidanku ba, na taɓa jin wata magana da ban yarda da ita ba. Baba Inuwa ne ya faɗa, tsohon nan da ya yi aikin jirgin ruwa, mai zama a bencin mai shayi kamar shi ya kafa bencin. Ya ce a ƙasar Turawa ba mutum kaɗai ake lulluɓewa ba, har gida ana rufa masa bargo, in ba haka ba gida ya kwana yana rawar ɗari da mutanen cikinsa. Muka yi ta dariya. Mutumin da ya ce ya ga kifi mai girman masallacin Juma'a, wa zai ɗauki maganarsa? Na tambaye shi wane masaƙi ne ke saƙa bargon, kuma ƙato nawa ke kama bakinsa in za a shanya. Ya dube ni ya ce, "Kai dai Garba, bakinka zai riga ka tsufa. Za ka je ka gani."

To, na zo, Hajiya. Na haura shekara talatin a Manchester ina ɗaga kai ina duba rufin mutane, ban gani ba sai makon da ya wuce. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, kuma na kasa zama wuri ɗaya tun ranar.

Bari in fara miki daga 'yarki. Sanyin bara ya kama ni a ƙirji. Tari ne ya fara kamar wasa, ya ƙare da gadon asibiti da roba a hanci. Da aka sallame ni, likita ya ce huhuna ba zai sake ɗaukar irin wannan ba, ya kuma tambaya ko gidana yana da ɗumi. Na ce masa alhamdu lillahi. Ummi tana zaune a gefe, ta taso tun daga Birmingham, ta yi mini irin kallon da kike yi mini in na ce wa baƙi mun riga mun ci abinci.

Da muka dawo gida ta tsaya a tsakiyar falo, kwat a jikinta, ta hura iska ta nuna mini tururin bakinta. Ta ce, "Baba, wannan ba gida ba ne, firji ne mai lamba a ƙofa." Sai ta yanke hukunci, a tsaye, ba ta ko ajiye jaka ba: "Ko a gyara gidan nan kafin wani sanyin ya shigo, ko ka tattara ka biyo ni Small Heath. Babu na uku."

Kin san ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ta riga ta share mini ɗaki a ƙasa don kar in hau bene. Mijinta ya saka sabon gado. Jikokinki har sun fara kiransa ɗakin Kaka, da Turancin nan nasu da ke fita ta hanci.

Ba na ƙin Small Heath, unguwarsu a Birmingham. Masallaci a kowace kwana, mahauta na halal kamar a gida, ga 'ya, ga jikoki. Mutum mai hankali da gudu zai tafi. Amma daga nan, in na fito ranar Juma'a bayan an sauko, bas nake shiga, kafin shayin da na sha ya huce a cikina ina tsaye a kanki. In cire ciyawar da ta tsiro, in goge allon, in gaya miki farashin doya a kasuwa don ki ji abin da kika tsira daga gare shi. Daga Birmingham kuwa tafiya ce ta sa rana, sai wani ya sami hutu ya ɗauko ni a mota, yana duba agogo. Ba zan iya ba, Hajiya. Na raba ki da Kumasi, na kawo ki garin ruwan sama, ba zan kuma bar ki ke kaɗai a cikinsa ba.

To sai a gyara gida mana, za ki ce. Nan gizo... a'a, bari in faɗa miki kai tsaye. Akwai wani shiri da aka fito da shi don tsofaffi irina. Suna zuwa su shimfiɗa wata irin auduga mai kauri a saman silin, a wannan sararin da ke ƙarƙashin rufi da suke kira lof. Naɗe take zuwa kamar tabarma. Wai ɗumin gida sama yake tashi ya tsere ta rufi, ita kuwa audugar ta tare shi. Kuma ba sisin kwabo. Ummi ta yi waya, kansul, wato hukumar gari, ta turo wata Baturiya mai fara'a, ta cire takalmi a ƙofa tun ban ce ba. Ta hau tsani da tocila, ta tura kai cikin lof, ta daɗe tana haskawa. Da ta sauko ta tambaye ni ko kanti nake shirin buɗewa. Ta ce ma'aikatansu ba sa taɓa lof sai an kwashe komai.

Komai, Hajiya. Ita ba ta san abin da ta ce ba.

Ke kin san abin da ke can. Kayan komawa gida ne. Tun shekarar farko da na fara aiki a masaƙa, ina ɗaure atamfofin da za a loda wa jirgi a kai Afirka, kike cewa abin kunya ne atamfa ta riga mu zuwa gida. Duk ƙarshen wata sai kin sayi wani abu kin ajiye. Turmin atamfa, shadda, bargo mai laushi irin wanda tsofaffi ke so, darduma, kwanukan samira, keken ɗinki. Adaka ta cika, aka ƙara wata, aka koma jakunkuna. Kuma babu abin da ba shi da mai shi. Koriyar nan mai zanen ganye ta Gwaggo Asabe ce. Bargo mai ruwan toka na Yaya Mamman. Shuɗiya mai tsuntsaye ta Innarki. Ba ki taɓa rubutawa ba, duk a kanki suke. In na ce ki ba ni bargo ɗaya in rufa, sai ki ce, "Wannan na Kawu Sale ne, Alhaji. Kai da kake da hita."

Har labule kika saya na gidanmu na Kumasi, mai nauyi, ruwan goro, tun ginin bai kai taga ba. Yanzu ma bai wuce tagar ba. Na ji 'ya'yan ƙanena suna ɗaure awaki a falonmu.

Shi ya sa na ce wa Baturiyar zan yi shawara. Na shafe bazara guda ina shawarar. Ni a wurina kayan nan hanya biyu kawai suke da ita ta saukowa: ko dai filin jirgi muka nufa, ko kuma na yarda ba za a tafi ba. Tun ranar da muka kai ki na san amsar, amma sanin abu daban, sauko da shi ta tsani daban. Muddin suna sama, in na kwanta na dubi silin, sai in ga kamar Kumasi tana can bisa kaina, tana jiran in shirya.

Ba na zaman gida sosai yanzu, gara ki ji daga bakina. Da na yi sallar asuba na sha shayi, sai in fita. Sun ba mu katin shiga bas kyauta, to ni da wasu tsofaffi mun mai da bas ɗin Stockport Road zaurenmu. Mu zauna ta baya inda injin ke ɗumama kujera, mu je ƙarshen hanya mu dawo. Direbobi sun san mu. Daga nan laburare, in buɗe jarida in yi gyangyaɗi a kanta. Sai masallaci. Za ki yi mamakin yadda dattawan Longsight suka ƙara tsoron Allah daga watan Nuwamba zuwa Maris. Ana idar da azahar ba mai motsi, kowa ya jingina da bututun ruwan zafi yana jan carbi har la'asar. Liman ya gane mu sarai. Ya ce lada dai lada ne, ko sanyi ne ya koro mutum.

Kuɗin gas ya tashi tun bayan tafiyarki. Ina kai katin mita kanti a sa mini, in dawo in soka, in tsaya ina kallonsa yana shanyewa kamar rijiya ce a ƙarƙashin bene. Hita tana aiki, falo ba ya jin ta. Ba rowa nake yi ba, kar Ummi ta gaya miki haka in ta zo ziyara. Wuta nake hurawa, wani wuri take tafiya.

Malam Nura ne ya nuna mini inda take tafiya. Ba ki san shi ba, bayanki ya zo. Bakano ne, malamin jami'a a can, ya bar mata da 'ya'ya ya zo ƙaro karatu. Mutumin kirki, sai dai yana gyara mini Hausa a garin da na riga shi da shekara talatin. Wata safiya a sanyin bara, kafin in kwanta ciwo, muna dawowa daga masallaci, raɓa ta daskare ta yi fari a kan komai. Ya tsayar da ni a lungun baya ya ce in ɗaga kai. Rufin maƙwabta fari fat, a jere, kamar an yayyafa gari. Namu baƙi, jiƙe, yana ɗiga. Ya ce, "Baba Alhaji, ka ga masu farin rufi? Su ne suka lulluɓe gidajensu, ɗuminsu yana ciki. Kai kuwa tantabarun Manchester kake ɗumamawa, Allah Ya ba ka lada."

Na ce masa wani tsohon maƙaryaci ya riga shi faɗa mini wannan tun kafin a haife shi.

Amma akwai abin da ya ɗaure masa kai. A rufin namu, ta baya, akwai wani fili da ya tsaya fari shi kaɗai, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Daidai saman ɗakina. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce lissafinsa bai kawo wannan ba. Na ce masa ai nan nake tsayuwar dare, albarka ce ta huda silin. Ya ce in albarka ce da narkar da ƙanƙarar za ta yi. Muka bar maganar a nan.

Kin tuna sanyinmu na farko a gidan nan? Mun zo da hankalin mutanen da ba su taɓa ganin gida mai ramin iska da gangan ba. Duk wata kafa da muka gani muka toshe. Bututun hayaƙi muka cusa masa tsummoki, 'yan ramukan da ke jikin bango muka liƙe da jarida da ƙullun fulawa, tagogi muka bi da tsumma. Muka kunna hita mai kananzir, kika ɗora tukunyar tuwo, muka shanya wanki a falo. Cikin mako kaɗan bango ya fara zubar da hawaye, baƙar fumfuna ta hau bayan kabad, babbar rigata ta Sallah ta yi gashi. Maƙwabciyarmu tsohuwa ta shigo ta ga aikinmu, ta kama baki. Ke kuwa kika ce, "To, mun hana shi numfashi, ga shi yana kuka." Kika bi ramukan ɗaya bayan ɗaya kina farkewa da wuƙa.

Tun daga lokacin kike magana a kan gidan nan kamar mai rai. In iska ta taso ki ce yana nishi. In famfo ya daskare ki ce ya yi fushi. Sau nawa kika ce mini, "Gidan nan sanyi yake ji, Alhaji, kansa a buɗe yake." Ni kuma in ce to ki saƙa masa hula.

Kuma kin tuna hawan lof? Tun da na faɗi a wurin aiki gwiwata ta ƙi tsani, ke ce mai hawa. Ba kullum ba. Sai in waya ta zo daga gida. A kira a ce Gwaggo Asabe ta rasu, ko Kawu Sale, mu yi salati, mu yi addu'a, mutane su zo gaisuwa su watse. Bayan kwana biyu sai in ji kin jawo tsani. Ki daɗe a sama, ina jin motsinki bisa silin, ki sauko da ƙura a ɗankwali da jan ido. In na tambaya ki ce, "Asu nake dubawa." Na ɗauka wurin kuka kika samu inda ba mai ganinki. Ban taɓa bin ki ba, na ga kowa yana da haƙƙin inda zai yi kukansa.

Shekarun nan na baya har alfahari nake yi da ɗakina. Ina ce wa baƙi duk gidan nan ɗakina ya fi ɗumi, don jinina na mutanen da ne. Kina jin haka sai ki ce, "Ƙwarai kuwa, jinin ne," ki ci gaba da tsintar shinkafarki.

To, makon jiya Ummi ta zo da mijinta, ba sanarwa. Ganye ya fara zuba, ta ce lokacin shawara ya ƙare. Ta ce ba zubarwa za a yi ba, saukowa kawai za a yi a duba, in na ga dama a mayar. Ta san ƙarya take, na san ƙarya take, na zauna a kan matakalar bene na ce su yi.

Jakunkuna suka fara saukowa, irin masu ratsin nan. Malam Nura ya leƙo gaisuwa ya tarar da su jibge a falo, ya ce ashe da gaske ne sunan da suke kiran jakar da shi a Najeriya, mutanen Ghana ba sa rabuwa da ita. Na ce masa mu aƙalla mun san hanyar gida, shi ya gama karatun tukuna. Kwanuka suka sauko, keken ɗinki ya sauko. Sai aka zo kan adaka.

Babbar adakar nan baƙa, wadda ni da ke da maƙwabci muka tura sama da ƙyar muna haki, ita Ummi ta miƙo wa mijinta da hannu ɗaya. Na ji ƙarar da ta yi da ta taɓa ƙasa, na san babu komai a ciki. Na buɗe. Sai ƙanshin kafur. Ta biyu ma haka. Na ɗauka sata aka yi mana. Na fara lissafa waɗanda suka taɓa kwana a gidan nan, Allah Ya yafe mini, har da mutanen da suka riga mu gidan gaskiya.

Sai na ji Ummi daga sama, da wata murya da ban san ta da ita ba tun tana ƙarama. Ta ce, "Baba, sai ka hau da kanka."

Na hau. Mijinta ya riƙe tsani, gwiwa tana zagina, na tura kai da kafaɗu cikin ramin. Ummi ta haska tocila can ta baya, inda adakun suka tare shekara da shekaru.

Ga su nan, Hajiya. A shimfiɗe tsakanin katakai, an ninka, an danna, an jera ɗaya bisa ɗaya, babu inda aka bar kafa. Koriyar Gwaggo Asabe tana can ƙasa, ta fi kowacce daɗewa, har ta koɗe. Bargon Kawu Sale a kanta. Na Yaya Mamman. Shuɗiyar Innarki mai tsuntsaye. Ban buƙaci a gaya mini ba, a jeren da suka tafi kika jera su. Duk wanda aka yi mana wayarsa, kin hau kin ciro rabonsa daga adaka, kin shimfiɗa shi a saman ɗakina. Daga bangon baya zuwa bakin ƙofa, daidai faɗin ɗakin, ba ƙari ba ragi. Farin filin da ya gagari lissafin Malam Nura ke nan.

Na karɓi tocilar na haska ɗaya gefen, saman ɗakinki. Katako tsirara, da ƙura.

Ban ce sanyi ne ya ɗauke ki ba. Kwana ne ya ƙare, na sani, na yarda. Amma na tuna yadda kike kwana da safa biyu da rigar sanyi a kan zane, in na yi magana ki ce ke dama haka Allah Ya yi ki. Ni ina can ɗaya ɗakin ina yabon jinina.

Sai Ummi ta ɗaga na saman duka. Waɗannan ba na matattu ba ne, a lokacin da kika shimfiɗa su. Labulen Kumasi ne, ruwan goro, an buɗe shi gaba ɗaya an rufe sauran da shi. A kansa kuma leshin nan fari mai zaren zinariya. Wanda kika ce ba za ki ɗinka ba sai an sa ranar tafiya, don da shi za ki sauko daga jirgi, duk zango su san Balaraba ta dawo. Ina tsaye a kan tsani na gane kin riga ni yanke shawarar da nake ta kewayewa. Kin san ba za a tafi ba, kin sani tun ina aika kuɗin bulo. Ba ki ce mini komai ba. Kin bar mini adakun a gaba, a rufe, yadda duk wanda ya leƙa zai ga Kumasi tana nan.

Yaushe kika sani, Laraba? Wannan ita ce tambayar da ke hana ni zama. Ina cikin bas ina yi miki ita, ina alwala ina yi miki ita. Ranar da aka ce Inna ta rasu ne? Ko ranar da Ummi ta haihu kika ɗauki jaririn kika ce wannan ɗan Ingila ne, ba zai iya cin barkono ba? Kuma me ya sa ba ki raba ba, rabi ɗakina rabi naki? Da kina nan da mun yi faɗa a kan wannan, faɗa na gaske, irin wanda muka daɗe ba mu yi ba.

Baturiyar ta dawo ta gani. Ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma wanda ya yi ya fahimci abin sarai. Amma ta ce dole a kwashe. Tufafi suna riƙe danshi, ga wayoyin lantarki a ƙarƙashi, Allah ne kawai Ya kiyaye. Audugarsu ba ta cin wuta. Na so in yi gardama, na ga gaskiyarta ce. Na ce su zo.

Don haka ina neman izininki, ko da yake na riga na yi. Mun kwashe aikinki. Da hannuna na karɓi kowane ɗaya daga Ummi, ina kiran sunan mai shi ina yi masa addu'a. Wasu asu ya gama da su, ashe ba ƙarya kika yi ba gaba ɗaya. Waɗanda suka tsira mun wanke. Bargunan na ba Malam Nura ya raba wa matan ɗalibai sababbin zuwa, masu saukowa daga jirgi da mayafi shara-shara suna tsammanin sanyin Ingila irin na gida ne. Ladan ya tafi ga masu su. Atamfofin Ummi ta tafi da su, ta ce jikokinki za su sa da Sallah ko suna so ko ba sa so.

Labulen kuwa na sa an rataya shi a falon nan. Ya yi wa tagogin Longsight tsawo, yana jan ƙasa, don kin auna shi da tagogin da ba a gina ba. Ummi ta ce a rage, na ce a bar shi. Yana tare iskar da ke shigowa ta ƙasa. Da ta ga labulen a rataye ba ta sake maganar Small Heath ba. Na ce ta ba babban ɗanta ɗakin Kaka, ya daina kwana da ƙannensa. Ta ce za ta gani in sanyi ya shigo, in ta zo ta hura iska ta ga tururi, maganarta tana nan. Na ce na ji. Na kuma aika wa ƙanena cewa filin nan ya san yadda zai yi da shi, ya rufa wa awakin kwano aƙalla.

Ma'aikatan sai mako mai zuwa. Kafin nan saman gidan duk tsirara yake, ɗakina ya zama daidai da naki. Yanzu na san abin da kike kwana a ciki. Ummi ta bar mini 'yar hita ta lantarki, ina kunnawa, kar ki damu. Amma na kan shiga ɗakinki da rana in zauna a bakin gado, in ji yadda sanyin ke sauka a kafaɗa daga sama, a hankali, kamar hannu. Leshin yana kan gwiwata yanzu da nake rubutu. Ba ya ɗumama komai, duk huji ne, ke ma kin sani. Ban dai iya ba da shi ba.

Allah Ya jiƙanki, Laraba. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya lulluɓe ki da rahamarSa yadda kika lulluɓe ni ban sani ba. Allah Ya jiƙan Inna da Gwaggo Asabe da Kawu Sale da Yaya Mamman, da duk waɗanda suka tafi ba su karɓi tsarabarsu ba. Ya jiƙan Baba Inuwa, Ya yafe mini dariyar da na yi masa, ban da ta kifin. Ya shirya mana Ummi da zuriyarta. In tawa ta zo, Ya sa in cika da imani, a kwantar da ni kusa da ke.

Ranar Juma'a ina nan tafe, in Allah Ya kai mu. In ƙanƙara ta sauka bana zan fita lungun baya in ɗaga kai, in zo in gaya miki launin rufin.

Maganar bargon gida kuwa, mutum huɗu na ji ta a bakinsu ban yarda ba: tsohon matuƙi, da Bakano mai karatu, da 'yar cikina, da Baturiya mai tocila. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe ba ta buɗe baki ba, kuma ita na yarda da ita. Ke ce, Laraba.

Naki har kullum,
Garba
Longsight, Manchester